Godiya ga kamfanin Peco, masu taragon da ake haɗawa da hannu

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Peco da ke Beer a Devon, Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a saboda ƙananan taragan jirgin ƙasa na wasa samfurin Parkside da har yanzu kuke fitarwa gunduwa-gunduwa, mutum ya haɗa abinsa.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, da ƙarar jirgi na tashi. Da na yi ritaya a Landan sai na shimfiɗa ƙaramin layin dogo a ɗakin sama, ma'aunin OO, wato kashi 1 cikin 76 na jirgin gaske. Da farko haɗaɗɗu nake saye, na kamfanonin Hornby da Bachmann. Ba ni da abin cewa a kansu, aikinsu ya yi kyau, kuma har gobe kan jirgi haɗaɗɗe nake saye, don injinsa ya fi ƙarfin idona. Sai dai daga buɗe kwali zuwa ɗorawa a kan dogo minti biyu ne, shi ke nan sai kallo.

Taragonku na gawayi, wanda na gaskensa ke ɗaukar tan 16, shi ya sauya mini al'amari. Ni da jikana mai shekara 11 muka zauna masa. Shi yake yanko sassan daga jikin robar, ni ina goge bakinsu da 'yar zarto, sannan mu ɗiga gam da bakin burushi. Wurin cusa ƙananan mazaunan tagulla da gatarin ƙafafu ke juyawa a ciki, yatsunsa sun fi nawa aiki nesa ba kusa ba. Na farkon ya karkace, don na yi gaggawar manne gindinsa, ƙafa ɗaya ba ta taɓa dogo. A na biyu muka koyi ɗora shi a kan gilashi kafin gam ya bushe, mu tabbatar ƙafafu huɗun sun zauna daram. Muka shafa masa fenti ruwan toka, muka bi shi da ɗan ja-ja kamar tsatsa, yadda na gasken suke bayan sun sha dakon gawayi.

Yaron da waya ba ta barin hannunsa, ranar ya yi awa uku bai waiwaye ta ba. Har ya tambaye ni wane irin kaya taragan Zariya suke ɗauka, na ba shi labarin buhunan gyaɗa daga Kano zuwa Legas.

Tun 1946 kuke wannan sana'a, kuma har yanzu a Devon kuke ƙera kayanku. Roƙona shi ne kada yawan haɗaɗɗu a kasuwa ya sa ku bar waɗannan. Taragonmu takwas yanzu, na tara yana kan tebur yana jiran Asabar.

Allah Ya ƙara kasuwa, Ya saka da alheri.

Naku,
Wani dattijo mazaunin Landan