A Riƙa Auna Ji Bayan Kurumtar Farat Ɗaya

Ya Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan kurumtar farat ɗaya, wadda likitoci ke tabbatarwa idan ji ya ragu da aƙalla desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti) a matakan kaurin sauti ko sirantakarsa guda uku a jere cikin kwana 3, galibi a kunne guda. A nan Damagaram mutum kan ce ya samu sauƙi ya daina komawa asibiti, alhali lafiyayyen kunnen ne yake rufa wa ɗan'uwansa asiri. A ganina wajibi ne a auna kowane kunne daban kafin magani, a sake bayan kammalawa, sannan cikin wata 6, har da gwajin maimaita kalmomi, domin jin ƙara daban, gane magana daban. Maganin kuwa ya fi tasiri cikin mako 2 na farko da fara kurumtar.

Naku,
Mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram