Masu sauya wa tsohuwar mota inji, kuɗin injin ba shi ne kuɗin aikin ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobi da ke jigila tsakanin Katsina da Daura ta Mashi, da ma duk mai tsohuwar Golf da ke ta saƙa yadda zai sa mata sabon inji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu hirar da ake yi a tasha sai ta motar wa ta fi tsotson fetur, kuma sayen wata mota ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa kowa ya koma farautar inji ɗan Beljiyam.

Ni tawa Golf 2 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1983, mai kafireto, wato tsohon tsarin haɗa wa inji mai da iska. Ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, an yi mata ringi har sau biyu abin bai daɗe ba, sai na yanke shawara na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo injin Golf 3 mai 1.8, na injekta, wato wanda ake fesa wa mai ta hanyar lantarki. Zaɓin dai bai yi laifi ba, don dangi ɗaya ne da na asalin, ya hau giyabos ɗina ba gardama. Kuskurena shi ne na sayo gundarin injin kaɗai saboda in rage kuɗi, ban haɗo da wayarin ɗinshi da birenbos, wato ƙwaƙwalwar injin, ba, kuma mai shagon bai ce mani uffan ba, ya karɓi kuɗinshi ya yi mani Allah ya sa albarka.

To ashe injin injekta ba ya tashi sai da wannan ƙwaƙwalwar, ita ke auna iska da zafin inji ta ba shi mai daidai bukata, kuma nan ne duk sauƙin man yake. Ga famfon mai shi ma daban, na kafireto a jikin inji yake inji ke juya shi, na injekta kuwa na lantarki ne. Wasu na ƙarshe-ƙarshen ma har makulli suke da shi mai ɗan ƙwaya a ciki, in birenbos bai gane makullin ba, motar ta tashi ta mutu nan take, ka yi ta buga sitata har batir ya kwanta.

Da na kai gareji sai ogan ya ce Alhaji ai abu mai sauƙi ne, a cire injektar a ɗora tsohon kafiretonka gobe ka hau titi. Wallahi na kusa yarda don mota ta kwana goma a ajiye, yara na jiran cefane. Amma na ce mashi Malam, in haka ne me na sayo? Na biya kuɗin inji mai tattalin mai sannan in maida shi mashayi? Wannan al'adar ta maida injekta kafireto ta yi yawa a garejinmu, kuma ba don ta fi ba ne, don dai yawancin masu rewaya, wato masu gyaran lantarkin mota, ba su da na'urar duba birenbos, kowa abin da hannunshi ya saba yake so. Haka na sake komawa Kano, kuɗin mota, kuɗin wayarin, famfo, ga lagireto da ya ce shi ma bai yarda ba sai an wanke shi an sauya tiyo, kafin in ankara ƙananan kayan sun ci kusan rabin kuɗin injin.

Yanzu dai Alhamdu lillahi tana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin hunturu, man ma akwai bambanci. Sai dai ta ƙara gudu birkin kuwa na da ne, dole na sauya mashi fata.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na 'yan sifiya na jihar Katsina, a sa doka duk mai sayar da inji ya rubuta lambar injin a rasit, da kwanakin gwaji da ya bayar, don na baki ba ya zama hujja in rigima ta tashi, kuma rasit ɗin ne mutum zai riƙe ya je a gyara mashi takardun mota tunda lambar inji ta sauya. Gwamnati kuma ta taimaki yaranmu na gareji da horo kan lantarkin mota, mu daina ɗaukar ƙafa har Kano ko Panteka ta Kaduna saboda waya guda.

Naku,
Wani direba daga Daura