Aikin Farfesa Hughes kan daskarewar jini, da kuskuren da ake yi wajen gwaji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi bayani kan binciken da ya sauya yadda ake kula da masu daskarewar jini da mata masu yawan ɓari, wato aikin Farfesa Graham Hughes, likita ɗan Birtaniya.

A 1983, yana asibitin Hammersmith da ke Landan, Hughes ya wallafa cewa wasu masu ciwon lufus, wanda garkuwar jiki ke yaƙar sassan jikin mai ita, suna fama da abubuwan da a da ake ɗauka ba su da alaƙa: gudan jini a jijiyar ƙafa, shanyewar ɓarin jiki tun da ƙuruciya, da zubewar ciki a kai a kai. Ya ce tushensu ɗaya ne. Garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya, ta ƙera sinadaran da ke sa jini saurin daskarewa. A shekarar ne kuma abokan aikinsa, Nigel Harris da Azzudin Gharavi, suka fito da gwajin antikadiyolifin, wanda ke gano ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai a jini. Daga baya aka gane ciwon na kama wanda ba shi da lufus ma. Sunansa antifosfolifid, wasu kuma na kiransa ciwon Hughes.

A ganina, ba yawan ambaton sunan mai bincike a mujallu ne ma'aunin aikinsa ba, abin dubawa shi ne me ya canza a gadon asibiti. A nan ya canza da yawa. Sai dai ana yawan tuntuɓe a wurin gwaji.

Gwaje-gwajen uku ne: antikadiyolifin, da na sinadarin da ke yaƙar furotin beta-2, da wanda ake kira lufus antikowagulan. Sunan na ƙarshen ma yaudara ne, don a cikin kwalbar gwaji yana jinkirta daskarewar jini, a jikin mutum kuwa akasin haka yake yi. Ƙa'idar da aka wallafa a 2006 ta ce ba a tabbatar da ciwon sai gwaji ya nuna shi sau biyu, da tazarar aƙalla mako 12. Dalili kuwa, zazzaɓi ko wata cuta mai wucewa kan tayar da waɗannan sinadarai su kuma lafa. Wanda aka yanke wa hukunci da gwaji sau ɗaya zai iya shafe shekaru yana shan maganin tsinka jini a banza, ga haɗarin zubar jini. Haka nan idan an ɗebi jinin mutum yana kan magungunan tsinka jini na wafarin ko ribaroksaban, gwaji na ukun kan ba da sakamakon ƙarya.

Wa ya kamata a gwada? Macen da ta yi ɓari uku a jere kafin mako 10, ko ɗa ya mutu a cikinta daga mako 10 zuwa sama, ko ta haihu kafin mako 34 saboda tsananin hawan jinin ciki. Sai matashin da jini ya daskare masa ba gaira ba dalili.

Mai ciki da aka tabbatar tana da ciwon ana ba ta asfirin kaɗan, miligiram 75 zuwa 100 kullum, da allurar tsinka jini ta hefarin, a ci gaba har kusan mako 6 bayan haihuwa. Wafarin yana ratsa mabiyiya ya lahanta ɗan tayi, musamman tsakanin mako 6 da 12, don haka mai shansa ta sanar da likita tun tana shirin ɗaukar ciki. Ga wanda ya taɓa samun gudan jini kuwa, wafarin ne gaba, a riƙe INR, wato ma'aunin tsinkewar jini, tsakanin 2 da 3. Kada sauƙin sababbin ƙwayoyi irin su ribaroksaban ya ruɗe mu: binciken da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2018, dakatar da shi aka yi kafin lokaci, domin masu shan ribaroksaban da gwajinsu uku duka suka nuna ciwon sun fi masu wafarin samun toshewar jijiya.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya