Tsoka ba ta fitowa a wata guda

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasanmu masu ɗaga ƙarfe, kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mai walda ne a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Shekarata 14 ina ɗaga ƙarfe. Na fara ne da gwangwanayen madara biyu da na cika da siminti na soka bututu a tsakaninsu, daga baya na haɗa benci da tsofaffin ƙarafan mota a bayan shagona. Yanzu samari takwas zuwa goma ke zuwa wurina bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi.

Cikinsu akwai yaron shagona, ɗan shekara 19. Ya fara da kilo 56. Bayan wata uku ya hau sikeli ya ga 58, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya miƙo mini wayarsa, ga wani ƙato a TikTok yana cewa cikin kwana 30 ya murɗe haka. "Oga, mu me muke yi?" in ji shi. Daga nan ya daina fitowa. Da na lura da shi sosai bayan sati biyar, fuskarsa ta yi suntum, kumatu sun cika, tumbi ya fito, sikeli na nuna 64. Na ce ya kwanta a benci. Ƙarfen da yake turawa sau goma a da, a na shida hannunsa ya fara rawa, sai da na kama masa. Ashe ƙwayar dexamethasone yake saye a wani kemis, wadda ake ce wa "sha ka fashe". Wannan magani ruwa yake tarawa a jiki, ya jibge kitse a fuska da ciki, ya ɗaga suga da hawan jini, ita kuwa tsokar cinya da ta damtse cinye ta yake yi. Na kai shi asibiti, likita ya hana shi yanke ta lokaci guda, sai da aka riƙa rage masa a hankali. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, domin amanarsa mahaifinsa ya ba ni.

Ga gaskiyar da ba a gaya wa yaran nan. Namijin da ya fara ɗaga ƙarfe, yana ci yana ƙoshi, yana samun barci, tsokar da zai ƙara a wata ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a shekarar farko. Shekara ta biyu abin ya rabu biyu, ta uku ya sake rabuwa. Mace kuwa wajen rabin haka. Ina da littafin da nake rubuta nauyina tun farko: shekarar farko na tashi daga 59 zuwa 67, kuma ba duka tsoka ba ne, har da kitse. Ta biyu kilo 4. Shekara biyar ke nan sikelin da ƙyar yake motsi. Kilo biyun da yarona ya raina, hanya ce mai kyau ya hau.

To su na cikin waya fa? A 1996 likita Shalender Bhasin da abokan aikinsa a Amurka sun gwada allurar testosterone, sinadarin maza mai gina tsoka, na sati goma. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe ba allura sun ƙara kimanin kilo 2 na naman jiki. Waɗanda aka yi wa allura suna zaune ba su taɓa ƙarfe ba sun ƙara sama da kilo 3. Masu haɗa biyun suka kai kilo 6. Ka ga wanda ke gwada kansa da mai allura zai kashe kansa da baƙin ciki a banza. Kuma allurar tana rage maniyyi, tana taɓa zuciya, abin da ba sa nunawa a bidiyo ke nan.

Maganar abinci ba ta da tsawo. Wani nazari da masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar a 2018 ya nuna giram 1.6 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ga kowane kilo na nauyin mutum a rana ya wadatar. Mai kilo 60 yana neman kusan giram 96. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kuma wa ke da kuɗin ƙwai 16 kullum a wannan marra? Sai a haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, da nono mai kauri a cikin fura. Da su na gina nawa jikin, ban taɓa sayen garin furotin na cikin roba ba.

Ina kira ga hukumomin lafiya da su hana masu kemis sayar da wannan ƙwaya ba tare da takardar likita ba. Yarona ya dawo benci wata huɗu ke nan, fuskarsa ta saɓe. Na saya masa nasa littafin, jiya ya rubuta kilo 59 a ciki.

Naka,
Mai walda, Ƙofar Ƙaura, Katsina