Godiya ga wani shagon gyaran kyamara a Sabon Gari, Kano

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode wa masu wani shagon gyaran kyamara a Sabon Gari a bainar jama'a, musamman matashin da ke zama a teburin ciki. Allah ya yi wa kasuwarku albarka.

Ɗaukar hoton biki ce sana'ata. Duk lokacin da na fita da amarya waje da rana na kunna filash, sai wani baƙin layi mai faɗi ya cinye ɓangaren hoton a kwance. A zauren taro kuwa lafiya lau. Wanda na fara kai wa kyamarar ko hoton bai kalla ba ya ce shota, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga kyamara, ta mutu, a sauya. Wani ya rantse sensa ce, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, ya yanka min kuɗin da ya kusa sayen wata kyamarar ta hannu. Ga uwayen amare suna ta kira, ni kuma ba bakin magana.

Shi wannan yaron tambaya ya fara yi: "Yaya, a nawa kake sa shota idan kana waje?" Na ce 1/1000 na daƙiƙa, wani sa'in 1/2000 saboda ƙarfin rana. Ya ce kyamarata lafiyarta ƙalau. Ya cire gilashin gaba, ya nuna min labule biyu da ke gaban sensa, waɗanda su ne shotar: na farko ya buɗe, na biyu ya biyo baya ya rufe. Har zuwa 1/200 a irin tawa, wasu kuma 1/250, akwai ɗan lokacin da sensa ke buɗe gaba ɗaya, a nan filash ke tashi. Da an wuce haka, na biyu zai fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, sai 'yar siririyar kafa ce ke ratsawa. Filash kuwa walƙiya ɗaya yake yi, duk inda labule ya tare a lokacin baƙi zai fito. Nawa filash ɗin mai araha ne, ba ya magana da kyamara, shi ya sa ba ta tsayar da ni a 1/200.

Ya ɗauko filash mai HSS, wato mai iya aiki da shota mai sauri, tsarin da kamfanin Nikon ke kira Auto FP, muka fita bakin titi ya gwada a 1/4000, hoto ya fito tas. Shi irin wannan ƙananan walƙiya yake saki a jere har kafar nan ta gama wucewa. Bai ɓoye min aibinsa ba: ƙarfinsa na raguwa sosai, dole a matso da shi kusa da mutum, yana shan batir, kansa na zafi. Ya ce idan aljihu bai kai ba, gilashin ND mai rage hasken rana ya ishe ni in zauna a 1/200. Wane ɗan kasuwa ne yau zai tura ka ga mai araha alhali mai tsada na kan kantarsa?

Har TTL, wato tsarin da kyamara ke auna wa filash haske da kanta, ya yi min bayani, in na tashi saye. Filash kan yi 'yar walƙiyar gwaji kafin ta gaskiya, kyamara ta auna abin da ya dawo ta gilashi ta yanke yawan hasken. Farin leshi mai duwatsu kan ruɗe ta ta rage haske, fuskar amarya ta dushe, sai an ƙara mata da hannu.

Kuɗin goge sensa kawai suka karɓa.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu gyara a garin nan, na kyamara ne ko na waya ko na janareta, kafin ka rufe baki sun ce a sauya kaza. Ba sa tambaya, ba sa gwadawa a gabanka, in ka nemi bayani a ɗauke ka mai taurin kai. Ka biya, matsalar na nan, ka koma a ce ai wani abin ne kuma ya lalace.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto daga Kano