Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta tseren daji, Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarurrukan wata duk an yi su, in ban da na watan azumi.

Babban abin da muka yi bana shi ne gasar hunturu, kuma alhamdu lillahi ta yi kyau fiye da yadda muka zata. An tashi bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, kowace tawaga da mutum uku, taswira ɗaya da gorar ruwa. Zangon farko gudu ne cikin rairayin Gulbin Maradi, inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Nan samarin da suka saba da filin ƙwallo suka gane cewa wannan wasa daban ne. Daga nan aka hau kekuna, aka bi ta lambunan Jiratawa har Madarumfa, wajen kilomita 20 kudu da gari. A bakin tafkin Madarumfa masunta suka ba mu aron jiragensu, suka tsaya kusa saboda waɗanda ba su iya ruwa ba. Sai neman tutocin da muka ɓoye, da sharaɗin kada kowa ya kusanci kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tafkin da gudu ko hayaniya. An kiyaye, dattawan gari ma sun yaba.

Abin da ba zan manta ba, wata tawaga sarƙar kekensu ta tsinke a tsakiyar hanya. Ba su kira mota ba. Suka saɓa keken a kafaɗa bi da bi har suka iso, su ne na ƙarshe, amma tafin da aka yi musu ya fi na waɗanda suka zo na ɗaya. Kuma karo na farko ke nan da tawagar 'yan mata ta shiga, ɗalibai ne daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sun kuma kammala duka zangunan. Muna godiya ga iyayenmu mata da suka kawo fura da ƙwaɗon zogale da kuɗin aljihunsu.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi alkawarin kekunan ƙungiya bai saya ba. Gaskiya ne. Amma da me za a saya? Kuɗin wata jaka guda ne, waɗanda suka biya shekara cikakkiya ba su kai rabi ba. Ɗan abin da ya shigo ya tafi wajen ruwan leda, man motar rakiya, kayan agajin gaggawa da buga taswira. Littafin kuɗi yana hannun ma'aji, duk mai shakka ya zo ya duba. Na bi wasu da ba su biya ba har shago sau uku, kullum "sai jibi, Malam". Wallahi na gaji, ni ma ina da iyali da sana'a.

Gasa ta biyu da muka shirya ta dajin Baban Rafi mu muka soke ta, ba kasala ba ce. Kowa ya san halin tsaro a wajen iyaka, ba za mu kai 'ya'yan mutane can ba.

Zagayen makarantu kuwa mutum huɗu ne kullum suke fita, su ne kuma masu kafa tuta, su ne masu kwashe leda bayan an watse. Sauran sai ranar rabon riguna ake ganinsu. A Maradi, garin Kantu shahararren ɗan kokowa, inda yaro ke tashi da kokowa a jininsa, ba wanda zai san tseren daji in ba mu je mun nuna shi ba. Yaran suna so, duk ajin da muka shiga sai sun yi rububin riƙe taswira.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi, a kuma zaɓi mutum biyu da za su karɓi aikin tara kuɗi daga hannuna. Kowa ya zo da katinsa.

Sakataren ƙungiya