Rahoton Ayyukan Shekarar 2022: Shekarar Ɗaure Kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu dattawa da sauran 'yan uwa maza da mata.

Ga bayanin abin da kwamitin ƙungiyarmu ta mazauna Jidda ya yi da amanarku daga Janairu zuwa Disamba. Takardar ma'aji ta shiga da fita za ta zo daban a zaurenmu na WhatsApp, don haka ba zan cika ku da lissafi a nan ba. Amma gara in faɗi gaskiya tun daga farko: asusun da muka kafa domin jinya da jana'iza, bana mafi yawansa a hayar motar kaya da kuɗin gida ya ƙare. Ba haka ƙa'ida ta tanada ba, kuma kwamiti ya sani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rusau ɗin da ya fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya ci Gulail, Fitrumin, Karantina, Sabil, Kandara da wasu unguwanni masu yawa. Duk wanda ya wayi gari ya ga an fesa kalmar "ikhla" da jan fenti a bangon gidansa, wato a tashi daga gidan, ya san sauran kwanakinsa a gidan ƙidayayyu ne. An dakata cikin azumi, aka ci gaba bayan Sallah. Maganar diyya ta masu mallaka ce, mu kuwa kusan dukkanmu 'yan haya ne. Mutane suka bazu neman gida lokaci guda, haya ta yi tashin gwauron zabo. Ga kuma kuɗin iyali da ake biya kan iƙama, wato takardar izinin zama, riyal 400 duk wata kan kowane mutum tun 2020: mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu sai ya ajiye 2,000 kafin a yi maganar cefane.

Sauran ayyukan a gurguje. Buɗe-baki na azumi mun yi, sai dai a gidaje daban-daban, tunda filin da muka saba shimfiɗa tabarmi ya zama kango. Hajji ya dawo wa baƙi bayan shekara biyu ta korona, aka ba Najeriya kujeru dubu 43 da 'yan kai, matasanmu kuma suka taimaka wa alhazai da tafinta da nuna hanya. Makarantar Asabar ta yara ta tsaya tun watan Maris, saboda malamin da ɗaliban kowa ya kama gabansa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin akwai jikokinmu da in ka ce musu "ina kwana" sai su amsa da Larabci. Ruwan 24 ga Nuwamba, wanda ya kai milimita 179 cikin awa shida, ya jiƙa wa gidaje biyu na membobinmu kaya, mun kai musu katifu. Mun yi rashin dattijo ɗaya da jaririya ɗaya. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Ƙaurar da zan tsaya a kanta ita ce ta watan Agusta, domin ita ta fi kowace nisa, kuma ita ta tayar da maganar da za mu yanke a taro. Ɗan uwanmu mai gyaran wutar mota, wanda duk kun sani, ya rasa gida da shago a mako ɗaya. Allah Ya kawo masa aiki a Dammam, ya yi naƙalin kafala, wato sauya uban gida, ta shafin gwamnati na Qiwa, ya kama gida can ta shafin haya na Ejar bai ko taɓa ganinsa da ido ba, sai hoto. Shi da mai ɗakinsa, yara huɗu, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Daga Bahar Maliya zuwa Tekun Fasha, sama da kilomita 1,300 a kan babbar hanya mai lamba 40. Ana so a isa kafin buɗe makarantu a ƙarshen wata, a samu a mayar da sunan yaran ta tsarin rajistar makarantu na Noor. Kwamiti ya biya dina, wato motar kaya, ta ɗauki kaya, ni kuma aka ce in bi su a ƙaramar mota mu riƙa karɓar juna tuƙi.

Ranar lodi aka sha daru kan turmi. Direban dina ya ce wuri ya ƙare, a bar shi. Inna ta ce to a bar ta tare da shi. Turmin ya hau.

Mun kwana a Makka wajen ƙanwarta a Shari' Mansur, aka yi bankwana da kuka, aka cika mana leda da siriya, wato tsirenmu da Larabawa suka ara har da sunan. Bayan asuba muka hau dutsen Hada, dina kuwa ta zaga ta hanyar Sail. Yaran ba su taɓa ganin birai zube a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba ba. Sai da uwarsu ta daka tsawa aka ɗaga gilashi. A Ɗa'ifa muka sayi rumman da inabi, iska mai sanyi tana kaɗawa, har muka manta watan Agusta muke ciki.

A nan ne na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Dattawa sun ce a yini a Ɗa'ifa a kama hanya da la'asar. Ni na ce titi shimfiɗaɗɗe ne, doka ta yarda da gudun 140 a wasu wurare, za mu yi magariba a Riyad. Tsakanin Muwaih da Zalim, rana na tsaka, tayar baya ta yi bindiga. Allah Ya tsare, mai motar ya riƙe sitiyari bai taka birki ba. Sai ga shi safaya tana ƙarƙashin komai: akwatuna, tukwane, keken ɗinkin uwargida, buhun gero. Muka sauke su ɗaya bayan ɗaya a kan kwalta mai ƙuna, ƙarfen jak ba ya taɓuwa sai da tsumma. Wani bawan Allah mai raƙuma ya tsaya da motarsa, ya miƙo mana ruwan sanyi da dabino, ya ja motar ta yi wa Inna inuwa har muka gama. Ko sunansa bai yarda ya faɗa ba.

A gidan man da ke gaba muka haɗa azahar da la'asar, ƙasaru. Inna ta shimfiɗa sallayarta ta fuskanci mafitar rana kamar yadda ta yi duk rayuwarta. Jikanta ya ce, "Inna, alƙibla tana bayanki." Ta dube shi ta ce tun ba a haifi ubansa ba take duban gabas, ba shi zai koya mata ba. Sai da ɗanta ya kai ta ta ga inda mihrabin masallacin ya dosa, ya tuna mata mun bar Makka a baya. A Kano gabas, a Jidda gabas, amma daga nan har Dammam yamma ake kallo. Ta yi shiru, ta juya sallayar, ta ce, "To, yau na san na yi ƙaura."

Wannan tsohuwa fa tana yarinya aka taho da ita ta ƙasa, ta Chadi, ta Junaina da Ubayyid, iyayenta suna tsayawa su yi aikin auduga a Jazira ta Sudan su tara guzuri, kafin su tsallako daga Sawakin. Duk hanya tana ba mu labari, muna cewa mun gaji tana mana dariya.

Ruwaida, Ƙuwai'iyya, Muzahimiyya, sannan muka hau tsaunin Ɗuwaiƙ cikin dare, fitilun Riyad suka bayyana. Wani membanmu da ya koma can ya sauke mu, aka yi mana tuwo da miyar kuka ƙarfe ɗayan dare. Washegari, da hankali ya shige mu, mun tashi tun asuba. Kilomita wajen 400 ne suka rage, ta cikin jan yashin Dahna. Kafin azahar mun shiga Dammam, gumi ya tarbe mu fiye da na Jidda.

Gidan ya fi hoton ƙanƙanta, hawa na uku, ba lif. Dina ta iso da daddare, direban ya ce yarjejeniyarsa ƙofar gida ce, hawa da kaya kuɗinsa daban. Ba mu da abin da za mu nuna masa, tunda da baki aka yi magana. Wasu samari Hausawa biyu da muka haɗu da su a masallacin unguwa ne suka tuɓe riga suka hau da firji da na'urorin sanyaya ɗaki. Turmin ya iso da tsaga a gefe; Inna ta ɗaure shi da waya, an ce har yau yana daka.

Daga wannan tafiya kwamiti ya tsayar da abu uku ga duk ƙaurar da za mu sa hannu: a rubuta yarjejeniya da mai mota har da hawa bene, a duba taya a kuma bar safaya a sama, kada a ratsa sahara da rana a lokacin zafi.

Babbar maganar kuwa ita ce wannan. Ƙa'idarmu ta ce memba shi ne mazaunin Jidda. In aka bi ta a yau, wannan iyali sun fita, mai masaukinmu na Riyad ya fita, haka waɗanda suka koma Bahra, Makka da Madina. Alhali har yanzu suna turo kuɗin wata, wasunsu ma sun fi mu na kusa cika alkawari. Ra'ayina, a goge wannan sharaɗi. Na san akwai dattawan da ke ganin wanda ba zai halarci jana'iza ba bai kamata ya ci moriyar asusun jana'iza ba, kuma hujjarsu abar saurare ce. Za a ba su dama su faɗe ta da bakinsu. Abu na biyu, ko dai a buɗe asusun ƙaura daban, ko a halatta abin da muka riga muka yi bana. Ma'aji ya ce ba zai sake fitar da sisi a kan haka ba sai da amincewarku.

Taron zai kasance Juma'ar farko ta watan gobe bayan isha'i, za a turo wurin a zaure. Na nesa su shigo ta waya, za a ƙirga ƙuri'arsu a kan maganar asusu, ban da ta zama memba tunda ta shafe su.

Igiyoyi da tamfol biyu na ƙungiya ba su dawo ba tun ƙaurar watan Oktoba. Wanda suke hannunsa ya taho da su, akwai iyalin da za su tashi zuwa Yanbu'u cikin Fabrairu.

Wassalam,
Magatakarda